Gasar Clash Royale a Rumfar Caji: Littafin Aiki

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta yadda aikin kafa gasar Clash Royale yake tafiya a garinmu, nan kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. An kai gero gida, saura riɗi da zoɓo, samari sun fara samun sararin yamma. Rumfar cajina ce matattararsu tunda nan ne akwai sola. Abin da nake nema guda ɗaya ne: gasar da gwani zai ci, ba mai tsadar waya ko wanda ya fi zuba kuɗi cikin wasan ba.

Ga wanda bai san wasan ba: kamfanin Supercell na ƙasar Finland ne ya fito da shi ga duniya a watan Maris na 2016. Kowane ɗan wasa yana shiga fili da haɗin kati 8, huɗu a hannunsa, sauran suna bin layi. Kowane kati yana da farashinsa na elizir, wato ƙarfin da ake kashewa wajen saka kati a fili, elizir ɗin kuma ba ya wuce 10, yana ƙaruwa da ɗaya duk bayan daƙiƙa 2.8. Wasa minti 3 ne, a minti na ƙarshe elizir yana zuwa ninki biyu. Kowa yana da hasumiya uku, ta sarki a baya, biyu a gaba. Kogi ya raba filin, gada biyu ta haɗa shi. Wanda ya fi rushe hasumiya shi ya ci, wanda kuwa aka rushe masa ta sarki, wasa ya ƙare nan take.

Matsalar farko ita ce matakin kati. A wasan yau da kullum ana ɗaga kati da zinare da kwafin katin, kuma mai saye da kuɗi yana riga kowa. A 2021 aka kai matakin ƙoli zuwa 14, a 2023 aka ƙara na 15. Yaron da ya fara wasa bana da katunan mataki na 9 ba shi da abin yi gaban wanda ya shekara biyar yana tarawa. Sa'ar da muka yi, a wasan sada zumunci na cikin ƙungiya ana daidaita katin kowa a mataki na 11. Don haka yau muka buɗe ƙungiya guda, kowa ya shigo, kuma duk wasannin gasar a can za a buga su.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Kafin a buga ko wasa ɗaya sai da na je gaida mai unguwa, domin labari ya riga ya kai masa cewa ana karta a rumfata. Na same shi da liman a zaure bayan La'asar. Na durƙusa na gaishe su, na miƙa wayar suka ga yadda abin yake.

Liman ya ce, "To ɗana, wanda ya ci me yake samu, wanda aka ci kuma me yake rasawa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, babu wanda yake sa ko sisi."

Ya ce, "Haka ake farawa. Ka tsare wannan ƙofar, in ta buɗu kai za mu tambaya."

Na ji daɗin maganar, don ta ba ni abin da zan tsaya a kai. Sharuɗɗan da muka rabu a kansu: babu kuɗin shiga, babu sa kuɗi tsakanin 'yan kallo, ana kiran salla a ajiye waya, yaran Islamiyya kuma ba su da wuri a rumfar sai an tashi. Kyautar zakara ba za ta fito daga aljihun 'yan wasa ba. Ni zan ba da cajin wata guda kyauta, mai shayin da ke gefena ya ce shayi da burodi na mako yana wuyansa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Daidaita mataki bai gama magana ba. Tun watan Yuni na 2023 aka shigo da katunan da ke rikiɗa su ƙara ƙarfi bayan an saka su wasu lokuta, irin Skeletons da Barbarians da Royal Giant da Firecracker, sannan aka yi ta ƙara wasu. Buɗe rikiɗar yana bukatar dogon tari ko kuɗi, kuma a cikinmu masu ita ba su da yawa. Mun yanke cewa a wannan gasar ba a rikiɗa. Hanyar mai sauƙi ce: gurbin rikiɗa yana farkon haɗi, sai mutum ya sa wani katin daban a wurin. Haka nan masu gadin hasumiya da aka fara kawowa a 2024, irin Cannoneer da Dagger Duchess, mun ajiye su. Kowa ya bar gimbiyar asali a kan hasumiyarsa.

Wani yaro mai gyaran babur ya ce shi ba zai taɓa Hog Rider ba, don alade mutumin yake hawa. Ban ja da shi ba. Na nuna masa Battle Ram, gungumen da Barbarians biyu suke ɗauke da shi, shi ma elizir 4 ne kuma gini yake nufa, da Ram Rider mai elizir 5 wadda rago take hawa. Ya ɗauki na farkon.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

An gama zagayen farko, kuma rumfar ta kaure da ƙorafi a kan kati ɗaya: Mega Knight. Yawancin waɗanda suka haye da shi suka haye. Har an fara taruwa a kaina ana cewa in haramta shi.

Na san dalilin da ya sa yake ba mutane haushi. Elizir 7 ne, yana faɗowa ƙasa da duka, yana tsalle ya dira kan abin da ke nesa da shi, dukansa kuma yana shafar duk wanda ke kusa. Mutum zai tara runduna a bakin gada, ya zuba elizir 9 ko 10, sai a sako masa shi a ka, komai ya watse, sannan ga shi ya hayo gada da sauran ransa. Wanda aka yi wa haka sau biyu dole ya ce katin ya fi ƙarfin wasa.

Amma na zauna na bi maimaicin wasannin ɗaya bayan ɗaya, abin da na gani daban ne. Mega Knight ba ya taɓa abin da ke sama ko kaɗan. Dukansa a kan mutum guda mai kauri ba wani abin tsoro ba ne. Knight mai elizir 3, in aka sa shi a tsakiyar fili inda hasumiya ke harbi, yana riƙe shi tsawon lokaci. Mini P.E.K.K.A mai elizir 4 yana yi masa mummunar ɓarna, P.E.K.K.A babba kuwa farashinsu ɗaya amma ita ke tashi da rai. Inferno Tower mai elizir 5 narkar da shi take yi. Duk waɗannan katunan suna hannun masu kukan, ba su dai sa su a haɗinsu ba, ko sun sa amma sun kashe su a wani wuri kafin ya fito.

Na ce musu ba zan haramta ba tukuna, a ba ni mako biyu. In muka fara cire duk katin da ya ba mu wahala, gobe Golem za a kawo, jibi Balloon, ƙarshe mu ƙare da gasar da ba ta koya wa kowa komai ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Yau kasuwar Maigatari take ci, garin ya cika da masu wucewa, sabis ya yi nauyi tun hantsi. Da yamma na ga abin da nake ganin shi ne tushen matsalarmu.

Almajirin tela, wanda a ganina ya fi kowa a garin nan fahimtar wasan, yana riƙe da sanannen haɗin nan mai sauri: Hog Rider, Musketeer, Cannon, Ice Golem, Ice Spirit, Skeletons, Fireball da The Log. In ka tara farashinsu 21 ne, a raba 8, ya ba da 2.6. Hikimar haɗin ita ce juyi. Duk katin da ka saka sai ka saka wasu huɗu kafin ya dawo hannunka, a wannan haɗin kuwa mafi arha huɗun elizir 6 ne kacal gaba ɗaya. Don haka Hog ɗinka yana dawowa tun kafin abokin karawa ya sake samun abin tare shi. Amma babu ƙato ko ɗaya a ciki. Tsaronsa duka ya dogara ne a kan saka ƙaramin kati a daidai gurbi, a daidai lokaci.

Ina tsaye a bayansa ina kallon fuskar wayar. Abokin karawarsa ya sako Battle Ram a gadar hagu. Yatsan yaron ya riga ya ja Cannon ya ajiye a tsakiya, inda ya kamata, a lokacin da ya kamata. Sai alamar raunin sabis ta fito, filin ya daskare. Da ya motsa, gungumen ya riga ya daki hasumiya, Barbarians biyu sun fito suna sara, Cannon ɗin kuma yana zaune a tsakiya ba abin da ya ja. Bai ce uffan ba, ya goge wayar da gefen rigarsa ya ci gaba. Kafin a tashi sai da abin ya sake faruwa, aka cinye shi.

Wanda ya ci shi Mega Knight yake riƙe da shi da wasu manyan katuna. Shi ma sabis ɗinsa yana tsinkewa, amma bai dame shi ba, domin ƙaton kati ko ya makara da daƙiƙa guda yana yin aikinsa. Skeletons kuwa in suka makara da daƙiƙa guda, elizir ɗin ya tafi a banza.

Ke nan masu daidaita katuna a hedikwatar Supercell da ke Helsinki suna aunawa ne da 'yan wasan da intanet ɗinsu ba ya yankewa. Idan katin ya zo garinmu nauyinsa yana canjawa: raunin sabis yana ƙara wa mai nauyi ƙarfi, yana rage wa mai sauri. Ba katin ne ya karkata ba, filinmu ne ba shi da daidaito, kuma shi ne abin da ke hannunmu mu gyara.

Asabar, 7 ga Disamba

Gyaran da muka yi ke nan. Na sayo ƙaramar na'urar wayifai, na ɗaure ta a saman sandar da ke riƙe da farantin sola, inda sabis ya fi kamawa. Duk wasan gasa, mutum biyun da ke karawa ne kaɗai a kanta, kowa ya kashe datarsa. In ta yanke, ta yanke wa duka biyun. 'Yan kallo ba sa hawa, sai dai su leƙa ta kafaɗa ko su kalla da tasu datar. Mun ɗauke wasanni daga bayan Isha'i, lokacin da kowa ke kan waya, mun dawo da su tsakanin La'asar da Magariba. Ranar Alhamis babu wasan gasa.

Akwai kuma bambancin waya. Wasu wayoyin da sun yi zafi sai su fara ja. Ƙanena da wani malamin firamare sun yarda a riƙa aron nasu, mutum ya shiga da asusunsa ya buga ya fita. Sabuwar doka: in sabis ya yanke a minti na farko kafin hasumiya ta faɗi, a sake wasan. In ya wuce haka, an ci gaba.

Asabar, 14 ga Disamba

Mako biyun da na nema sun wuce, babu wanda ya sake tayar da maganar haramci. Mun yi zaman koyo, almajirin tela ya nuna yadda ake jan Mega Knight da Ice Golem mai elizir 2: a ajiye shi a tsakiya ta yadda zai taka zuwa ɗaya ɓangaren, ƙaton ya bi shi, hasumiya biyu suna ta harbinsa. Yaran sun yi ta gwadawa har aka kira Magariba.

Yanzu Golem ne ya taso. Elizir 8 ne, gini kawai yake nufa, in ya mutu ya fashe ya rabu biyu. Masu shi suna ajiye shi can bayan sarki, ya taho a hankali, su jero Night Witch da Baby Dragon a bayansa, su riƙe Lightning don duk abin da aka kafa a gabansa. A minti na ƙarshe, da elizir ya ninka, tare shi aiki ne ja.

Maganinsa ba a ƙarshen wasa yake ba, a farko yake. Wanda ya ajiye Golem ya rage da elizir 2 ko ƙasa da haka. A wannan lokacin ne ake afka masa ta ɗaya gadar. Ko dai ya bar hasumiya ta tafi, ko ya kashe abin da ya tanada don rakiya wajen tsaro, Golem ya iso shi kaɗai. Kamar dara ne, ba ka jira abokin wasa ya gama jera 'ya'yansa sannan ka fara tunanin toshewa. Abin da na lura, yaranmu suna tsorata da ganin Golem, sai su tsaya suna tara elizir har ya cika 10 yana zuba a banza. Duk daƙiƙa 2.8 da ka yi a cike, ka yi kyautar elizir ɗaya.

Lahadi, 22 ga Disamba

Daga zagayen 'yan takwas mun canja tsari. Kowace karawa wasa uku ce, wanda ya ci biyu ya haye, kuma katin da ka yi amfani da shi a wasa ɗaya ba ya dawowa a wannan karawar. Wato mutum ya zo da haɗi uku, kati 24 mabambanta. Ba mu muka ƙirƙiro ba, akwai irinsa a yaƙin ƙungiyoyi na cikin wasan, kuma da shi ake karawa a babbar gasar Clash Royale League, wadda Mohamed Light ɗan ƙasar Masar ya lashe a 2022. Da na faɗa wa yaran cewa zakaran duniya daga nahiyarmu ya fito, sai da rumfar ta yi tsit, sannan tambayoyi suka barke.

Wannan tsarin ya yi abin da haramci ba zai yi ba. Mai Mega Knight yana da shi a wasa ɗaya tak, sauran biyun sai ya nuna abin da ya iya. Ya kuma tilasta wa kowa tunani a kan katunan jifa. The Log ɗaya ne, to wane haɗi za a ba? Sauran su ɗauki Zap ko Arrows ko Barbarian Barrel, kowanne kuma da inda ya gaza. The Log ba ya taɓa na sama. Zap yana katse wutar Inferno Tower ta koma farko, amma ba ya kashe Goblins ɗin da ke fitowa daga gangar Goblin Barrel in matakinsu ɗaya. Arrows ya fi su faɗi, amma elizir 3 ne.

Damuwata ita ce sababbin 'yan wasa, waɗanda ba su buɗe manyan katuna irin Princess da Miner da Lava Hound ba. Na zauna da biyu daga cikinsu muka haɗa musu da abin da suke da shi: Giant a gaba, Musketeer a baya, Valkyrie da Mini P.E.K.K.A don tsaro, Minions, Cannon, Fireball da Zap. Babu kati mai wuyar samu ko ɗaya a ciki, kuma akwai amsar sama da ta ƙasa. Ɗayansu ya ci wasa da shi a ranar.

Lahadi, 29 ga Disamba

Hazo ya rufe gari, sola ba ta cika batir, na'urar wayifai ta mutu ana tsakiyar karawa. An ɗage zuwa mako mai zuwa. Na ware mata ƙaramin batir nata daban.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wasan kusa da na ƙarshe, kuma mafi kyawun wasan da aka buga a rumfar nan. Malamin firamare da Golem, almajirin tela da haɗin tarko: Goblin Barrel, Princess, Goblin Gang, Knight, Inferno Tower, Ice Spirit, Rocket da The Log. Dabarar haɗin ita ce katuna uku a ciki duk ƙaramin jifa ɗaya ne maganinsu, abokin karawa kuwa guda ɗaya yake da shi. In ya jefa wa Princess, ganga ta tafi hasumiya.

Malam ya san haka, don haka ya ƙi taɓa Princess, ya riƙe Barbarian Barrel ɗinsa yana jiran ganga. Yaron ya bar ta a bakin gada tana harbin hasumiya daga nesa, kaɗan-kaɗan, har Malam ya gaji ya jefa mata. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba ganga ta tashi. Da elizir ya ninka Malam ya taho da cikakkiyar runduna, ya sauke Lightning a kan Inferno Tower, hasumiyar dama ta yaron ta kusa faɗuwa. Knight da Goblin Gang suka tsayar da sauran da kyar. Aka shiga ƙarin lokaci, inda duk wanda ya fara rushe hasumiya ya ci. Yaron ya daina kai hari kwata-kwata, ya koma tsaro da juya katuna masu arha, ya harba Rocket, ya juyo, ya sake harbawa. Ta biyun ce ta gama aiki.

Malam ya miƙa masa hannu ya ce, "Kai yaro, ka ƙirga jinin hasumiyar ne?"

Ya ce, "Na ƙirga, Malam. Tun ta farko na san saura ɗaya."

Irin wannan wasan ba zai yiwu ba a sabis ɗin da muke da shi a watan Nuwamba.

Asabar, 11 ga Janairu

An yi wasan ƙarshe, kuma ba almajirin tela ne ya ci ba. Mai gyaran babur ne, biyu da ɗaya. Ya ɓoye haɗin Lava Hound da Balloon masu tashi sama tun farkon gasar bai taɓa fito da shi ba sai a wasa na uku, bayan ya ga Musketeer da Inferno Tower sun riga sun fita a wasanni biyun farko. Haɗin da ya rage wa abokin karawarsa kusan babu mai harbin sama a ciki. Wasu sun ce wayo ne. Ni a wurina cin halal ne, domin tsarin kati 24 ana cinsa ne tun wajen rabon katuna, kuma shi ya fi kowa lissafin wannan.

Abin da wannan ya nuna mini shi ne duk garin mun karkata ga tsaron ƙasa saboda tsoron Mega Knight da Golem, mun bar sama a buɗe. Zaman koyo na gaba a kan wannan zai kasance: kowane haɗi cikin ukun ya samu aƙalla kati biyu masu harbin sama, kada a tara su wuri ɗaya.

Saura magana biyu da ba a yanke ba. Ta farko rikiɗa: masu ita sun ƙaru, suna neman a buɗe gurbi ɗaya a gasa ta gaba. Ra'ayina a jira sai kowane ɗan gasa yana da aƙalla guda, amma za a kaɗa ƙuri'a ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta biyu, samarin wani ƙauye da ke gabas da mu sun aiko suna son karawa. Na ce musu mun yarda, da sharaɗin su zo nan ko mu je can, a hau na'ura ɗaya. Sun zaɓi su zo, don haka gobe zan koma wurin mai unguwa in sanar da shi za mu yi baƙi.